Ranar da Kofi Ya Wuce Maigidana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har jikokina suna yi mini tsiya wai in na ajiye ɗankwali sai an tara gayya kafin a gano shi. Amma akwai wata Lahadi ta tsakiyar bazara, a 'yar majami'armu da ke wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, wadda har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ita ba. Ita ce ranar da na miƙe tsaye a gaban jama'a, na roƙi a ba maigidana abin da na tabbata a raina zai iya kashe shi.

A lokacin ba a yi jihar Jigawa ba, muna ƙarƙashin Kano. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, arzikin mai ya fara shigowa, ana ta fasa duwatsu ana shimfiɗa hanya, samarinmu suna tafiya leburanci su dawo da rediyo da agogon hannu. Mu Hausawa ne Kiristoci, gidaje kaɗan a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi da tsofaffinmu da suka tsaya a kan al'adar kakanni. Maigidana manomin gyaɗa ne, ranar kasuwar Gwiwa kuma ya baje kayan gyaran keke a gindin bishiya. A majami'a shi ne mai ba da waƙa, kuma in ya ɗaga murya har masu kiwo a bayan dutse suna ji. Ga shi da tsokana. Ni ce mai dafa zoɓon da ake sha a Jibin Ubangiji, ibadarmu ta burodi da kofi, domin mu a ƙauye da shi muke yi, kuma ban taɓa dafawa ya ƙyale ni ba. Yakan ce, "Uwargida, zoɓon nan naki in mai zunubi ya kurɓa, tsamin kaɗai ya isa ya sa shi tuba." Ni kuma in ce masa ai shi ya sa nake ƙara masa tsami, don na san wanda nake aure.

Ciwon ya shigo ne a ɓoye. Da farko sifana ce take kuɓuce masa a kasuwa, ya dawo yana dariya wai hannunsa ya fara yajin aiki. Sai tsokar gindin babban yatsansa ta zube, naman damtsensa ya riƙa rawa shi kaɗai kamar na dabbar da aka yanka yanzu. Babu zazzaɓi, babu kumburi, babu inda yake yi masa zafi. Kafin damina biyu fartanya ta gagare shi, ƙafafu ma suka fara ja. Muka je ɗakin magani na mishan, suka tura mu babban asibiti a Kano. Likitan da ya duba shi bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce jijiyoyin da suke kai wa gaɓoɓi umarni ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu maganin da zai tsayar da su. Hankali ba zai taɓu ba, ido da kunne ma haka, amma magana za ta tafi, haɗiya ta bi bayanta, daga ƙarshe numfashi. Ya dube ni ya ce in lokacin ya zo in yi hattara da duk abin da yake tsararo, ruwa ne ko me, domin zai iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. A mota muna dawowa maigida ya ce mini, "To, Ubangiji ya gaya mana hanyar da za mu bi mu je gida. Wasu ko wannan ba sa samu." Ni kuwa kuka na yi har Kazaure, ban damu da masu kallona ba.

Haka abin ya zo, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni da babbar 'yarmu muke ɗaga shi mu kwantar, mu yi masa wanka, mu kore masa ƙuda. Wuyansa ya daina riƙe kai sai an tokare da matashi. Abincinsa ya koma kunu mai kauri da kindirmon da wata Bafulatana maƙwabciyarmu take kawowa, cokali ɗaya sai a jira, sai wani. Muryar da ake ji a bayan dutse ta zama gurnani, kalmomi suna fitowa a narke, har ya zama duk duniya ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa. Kowa ya zo gaisuwa sai ya dube ni ya ce, "Me ya ce?" Na zama bakinsa. Da safe mu yi addu'a tare, ni ina faɗa da ƙarfi, shi yana rufe ido a inda ya kamata a ce amin. Wani lokaci in na yi masa waƙa sai ya yamutsa fuska, wai na karya ta, ko a haka bai fasa gyara ni ba.

Wata rana da tsakar rana ƙishi ya dame shi, ya yi ta roƙona ruwan randa, ruwa zalla mai sanyi, ya ce ya gaji da kunu. Na tausaya na ba shi kurɓi ɗaya. Nan take ya ƙware. Tarin ma ba shi da ƙarfin yi, idanunsa suka firfito, leɓensa ya canza launi, ni ina bubbuga bayansa ina kiran sunan Yesu. Da ƙyar numfashin ya dawo, kuma ya daɗe yana fama da zazzaɓi da kurman tari bayan haka. Tun ranar na yi wa kaina alkawari, in dai ina raye babu wani abu tsararo da zai sake wuce leɓensa. Tsoro ya zauna mini a ƙirji, ko shanya nake yi a waje kunnena yana ɗaki.

Abin da ya fi ciwon ci masa rai shi ne maganar mutane. Ciwon da ba shi da suna a ƙauye sai an nemo masa dalili. Surukata, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa shiga majami'a ba, ita a wurinta iskokin gida ne suka kama shi tunda ya daina yi musu yanka a gindin tsamiya. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa shi, ko gaishe shi za ta yi sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango ta ce, "Yaya mai jikin?" Amma kullum tana zaune a tsakar gidanmu tana ɓarar gyaɗa, kunnenta a ɗakin kamar nawa. Na Iya bai dame shi ba. Wanda ya dame shi na cikin ikilisiya ne. An fara raɗe-raɗin cewa mutum ba ya bushewa haka kawai, wataƙila akwai abin da ya aikata ya ɓoye. Wata tsohuwa har ta zo ta zauna a gefen gadonsa ta ce, cikin murya mai taushi, in akwai abin da ya binne gara ya tono shi tun yana da sauran baki. Allah ne ya riƙe ni ranar, don muciya tana hannuna.

A nan sai na yi wa wanda bai san tsarinmu ba bayani. Ƙauyenmu ba shi da fasto, mai bishara kawai gare mu, shi kuwa ba shi da izinin ba da Jibin Ubangiji. Sai fasto ya zagayo a kan babur, wani lokaci shekara ta juyo ba mu gan shi ba. In ya zo, kowane mai baftisma zai ci gutsuren burodi, ya kurɓi zoɓo a kofi ɗaya da kowa. Wanda kaɗai ake tsallakewa shi ne wanda yake ƙarƙashin horo, wato wanda dattawa suka kama da laifi. Shi wurin zamansa bencin baya ne, bakin ƙofa. Ba a kiran sunansa, ba a faɗin laifinsa, kofi ne kawai zai zo kusa ya juya. Wannan juyawar ta fi bulala zafi, kuma duk wanda yake ɗakin ya san abin da take nufi.

To, ana gab da bikin Ista sai mai bishara ya shigo gidanmu da albishir cewa an aiko sabon fasto, zai zo Lahadi mai zuwa. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Yaya, za ka iya zuwa, ko mu bari?" Maigida ya yi gurnaninsa. Na ji sarai abin da ya ce. Mai bishara ya juyo ya dube ni, "Mama, me ya ce?" Ban taɓa jin nauyin harshena irin na lokacin ba. Da na ce ya ce a bari, babu wanda zai ƙaryata ni a duniya. Maigida ya kafe ni da ido, ya san abin da yake raina, ni ma na san ya sani.

"Ya ce zai zo," na faɗa, "kuma zai sha."

Mai bishara yana fita na hau shi da faɗa. Na ce ya manta ruwan randa? Na ce zan dama masa nasa dabam, in zuba gari ya yi kauri, in kai a moɗa. Ya ce a'a, kofin da kowa ya sha shi zai sha. Na ce to fasto ya zo gida ya shafa masa a leɓe. Ya ce a'a, a gaban jama'a. Maganar da ta ɗauke shi dogon lokaci kafin ya haɗa ta ita ce wannan: "Sun ce na ɓoye zunubi. Ba ni da bakin amsa musu. Bari Ubangiji ya amsa a teburinsa." Na ce, "In ka mutu a wurin fa? Ka bar ni da yara don kurɓin zoɓo?" Ya ce, "Ko ban sha ba zan bar ki, Uwargida." Na fita na zauna a bayan rumbu, na rasa ko shi zan yi wa fushi ko Allah.

Makon nan ban ci abincin kirki ba. Zan faɗi addu'ar da na riƙa yi, ku yi dariya in kuna so. Roƙo nake Allah ya sa babur ɗin fasto ya lalace a hanya. Ba hatsari ba, ban kai nan ba, faci kawai nake nema, irin wanda ba ya gyaruwa, tunda mai gyaran ma ga shi a kwance. Ranar Asabar da la'asar ina tace zoɓo Iya ta matso, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "'Yar nan, da hannunki kike dafa abin da zai shaƙe shi?" Na ce, "Iya, ya zan yi? Kin san halinsa." Ta ce, "Na san shi kafin ki san shi. Kan nan nasa tun yana goye yake da tauri." Ta koma kan gyaɗarta, amma na lura hannunta ba ya ɓarar komai.

Ranar Lahadi da hantsi muka ji ƙarar babur. Ko ƙaya bai taka ba. Aka buga wilin motar da ya zama mana ƙararrawa, na sa wa maigida farar rigarsa da hula, samari suka ɗauke shi a kujera mai hannu. A shekarar ne aka cire wa majami'ar ciyawa aka yi mata rufin kwano da taimakon masu aikin hanya, muna ta alfahari da shi, amma a bazara ɗakin yakan zama kamar tanda. Da muka shiga numfashinsa ya fara sama-sama. Samarin suka ce a ajiye shi inda iska take shigowa, suka dire kujerar a bakin ƙofa, jikin bencin baya, suka tokare masa kai da matashi. Ni ma na ga daidai ne, iska kawai nake nema masa. Babu wanda ya tuna wane benci ne wannan. Mutum ɗaya ne a kansa ranar, maƙwabcinmu maƙeri, wanda aka sa a horo saboda ya sha burkutu ya fasa wa wani baki a kasuwa. Ya matsa gefe yana sunkuyar da kai.

Maza gefe ɗaya suke zama, mata gefe ɗaya, don haka dole na bar shi na wuce cikin mata, can gaba. Wa'azin da aka yi ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina ta waige har wuyana ya yi ciwo. Sabon faston dattijo ne mai natsuwa, daga nesa aka kawo shi, bai san kowa ba. Abin da ya sani shi ne abin da kowane fasto ya sani, na bencin baya ba a ba su. Mai bishara kuwa, wanda zai iya gyara masa, shi ya karɓi ba da waƙa a madadin maigida, yana tsaye a gaba ido a rufe yana ta fama da muryar da ba ta kai ba.

Fasto ya ɗauki farantin burodi ya bi layin maza. Ina bin sa da ido. Ya kai benci na kusa da ƙarshe, ya ba mutumin ƙarshe a kansa, sai ya juya. Na ce a raina ko ya manta ne. Ya gama da mata, ya koma ya ɗauko kofi, ya sake bin layin maza, yana ba kowa yana goge bakin kofin da ƙyalle. Ya kai wurin nan dai, ya sake juyawa. Sai a lokacin na gane abin da ya faru, kuma ba zan ɓoye ba, wani sanyi ne ya sauka mini a ƙirji. Na ce Allah ya amsa, bai ɓata babur ba amma ya amsa. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya hana shi, kuma maigidana zai koma gida da numfashinsa.

Sai tsohuwar nan, tana zaune kusa da ni, ta sunkuyo wurin ta gefenta ta ce, "Ashe dai da magana." Na ga kawuna suna juyawa a hankali, mata suna taɓa juna da gwiwar hannu. Na waiga. Kansa ya zame daga matashi ya karkace, amma idanunsa suna kan kofin, suna bin sa yana nisa. Hawaye yana gangarowa cikin kunnensa, ba shi da hannun sharewa. Bakinsa yana motsi. Ana cikin waƙa, sai ga gurnanin ya fito, na kusa da shi suka ɗauka nishin ciwo ne. Ni kaɗai na ji kalmomin. Cewa yake, "Ni ma."

In na yi shiru, shi ke nan. Zai rayu yau, kuma zai mutu wata rana a matsayin mutumin da kofi ya wuce, 'ya'yansa su tashi da wannan. In na yi magana, wataƙila a kan kujerar nan za a fitar da gawarsa, da zoɓon da na dafa. Mace ba ta magana a tsakiyar sujada a wancan zamani, balle ana Jibi. Ban san lokacin da ƙafafuna suka ɗaga ni ba.

"Baba Fasto," na ce, "ya ce shi ma."

Waƙa ta tsaya. Fasto ya tsaya da kofi a hannu yana dubana. Mai bishara ya buɗe ido, ya hango inda aka ajiye kujerar, ya dafe kai. Ya yi sauri ya raɗa wa fasto cewa wannan dattijon ikilisiya ne, ba horo yake ba, iska aka nema masa. Fasto ya taka da kansa har bakin ƙofa, ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ɗan'uwa, ka gafarce ni, ban sani ba." Ya ce samari su kawo shi gaba. Maigida ya yi gurnani. Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Na ce, "Ya ce a nan ma ya yi."

Na ratsa ta cikin maza, abin da ban taɓa yi ba, na je na tsaya a kansa. Ana bukatar wanda zai riƙe masa kai da ƙarfi, haɓa ta sunkuyo ƙasa, ni kuma ƙarfina bai kai ba. Maƙerin ya ɗago ya ce, "Baba Fasto, ni a horo nake. Ya halatta in taɓa shi?" Fasto ya ce, "Riƙe shi." Ya sa manyan hannayensa masu tabon wuta, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Fasto ya murtsuke ɗan burodi ƙanƙani ya sa masa a harshe, muka jira ya narke. Wannan ya wuce lafiya. Sa'an nan ya miƙo kofin. Na ce, "Kaɗan, Baba, don Allah kaɗan." Na ga jan ruwan ya taɓa leɓensa ya shige.

Maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya, sai ya tsaya. Ya sarƙe. Ƙirjinsa ya riƙa ja babu abin da yake shiga, idanu suka firfito, sauran zoɓon ya dawo ta baki da hanci ya zubo wa farar rigar. Na tura shi gaba, maƙerin yana riƙe da kan, ina dukan bayansa da tafin hannu ina cewa, "Yesu, Yesu, ba yau ba." Ɗakin ya yi tsit, babu abin da ake ji sai dukan hannuna da kwanon rufi yana ƙara saboda rana. 'Yarmu ta fara kuka a cikin mata. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa ƙananan yaran.

Sai na ji an ture ni gefe. Iya ce. Ashe ta biyo mu ta zauna a gindin bishiyar da ke waje. Matar da ba ta taɓa taka majami'a ba, ba ta kuma taɓa ɗan nan nata a gaban mutane ba, ta rungumo shi ta kifa ƙirjinsa a kafaɗarta, tana shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama yadda ake yi wa jariri in ya sha nono. Wani ɗan tari ya fito, mara ƙarfi. Sai wani. Sa'an nan muka ji iska ta shiga da ƙara. Fasto ya ce, "Mun gode wa Ubangiji," jama'a suka amsa, ni kuwa na zauna a bencin horo ina haki.

Iya ta goge masa baki da gefen zanenta, ta gyara masa hula. Ta dubi fasto, ta dubi tsohuwar da ta yi magana, domin kunnen Iya ba ya barin komai, ta ce, "To, ya sha abinku, kowa ya gani. Ku ɗauko mini ɗana, rana ta yi." Ranar na fara jin ta ce ɗana.

A hanyar gida jama'a suka biyo kujerar, har da waɗanda suka daɗe ba su leƙo mu ba. Maƙerin ya karɓi ƙafa ɗaya ta kujerar ya ƙi ba kowa. Muna gab da shiga gida maigida ya yi gurnani, idonsa a kaina. Mai bishara ya matso da sauri, yana zaton wata babbar magana ce, ya ce, "Mama, me ya ce?" Na share hawaye na ce, "Ya ce zoɓon ya yi tsami."

Ya yi zazzaɓi bayan haka, kamar yadda na ji tsoro, amma ya tashi daga shi. Ya ga saukar damina, ya ga gyaɗa ta yi fure a gonar da 'yan ikilisiya suka noma mana. Maganarsa ta ƙare gaba ɗaya, ido kawai ya rage, kuma ban sake ganin wannan damuwar a cikinsu ba. Kafin a cire gyaɗar ya tafi, da safe, muna cikin addu'a, Iya tana riƙe da ƙafarsa. Fasto bai sake zagayowa ba sai bayan an binne shi, wato da na yi shiru ranar, babu wani kofin da zai same shi. Farar rigar tana nan a akwatina, jan bai fita ba, ni ma ban matsa masa da sabulu ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai jinya yakan shagala da tsaron numfashin mara lafiya har ya manta mutum ne a wurin, mai abin da yake so ya yi da ɗan numfashin da ya rage masa. Na so maigidana ya daɗe, shi kuwa ya so ya tsaya a gaban Ubangijinsa da 'yan'uwansa da sunansa a wanke, kuma rayuwar tasa ce. Shi ya sa har yau in na je gaida mara lafiyar da bakinsa ya mutu, ba na tsayawa a kan masu jinya. Nakan durƙusa daidai fuskarsa in tambaye shi abin da yake so, in jira komai daɗewa, kuma abin da ya ce shi nake faɗa, ko da ba shi nake son ji ba.